Aikin da Babu Kuskure a Cikinsa

Lauya ta shekara tara a ɗakin gwaje-gwaje kafin ta cire farar riga ta koma karatun shari'a. Yanzu aikinta yi wa masu bincike rajistar abin da suka ƙirƙiro, kada wani ya ci guminsu. Dokar kuwa ba ta da kunya: duk abin da aka bayyana wa jama'a kafin a nemi rajista ya daina zama sabo, ko da daga bakin mai shi aka ji.

Farfesa, tsohon malaminta, da ƙafarsa ya kawo mata nasa. Shekara ashirin da biyu yana renon wata ƙwayar halitta mai hana hatsi ruɓewa a sito, har matarsa na kiransa Mai Kwalabe. Wani kamfani ya ce in da rajista zai haɗa maganin. In babu, ranar da ya yi ritaya za a kwashe kwalabensa a ba wani firjin.

Amsar ofishin rajista ta zo: an ƙi. Hujjarsu shafi ɗaya ce, bayanin da wata ɗaliba ta kafe a taron masana shekara goma sha uku da suka wuce. Sunan Lauya ne a sama. Ta manta da shi sarai, ita da ke yi wa mutane faɗa kan sakin baki.

Kwana uku tana neman kuskure a aikin nata, ko ta samu ta ce abin da aka bayyana daban ne. Ina! Yarinyar nan, wato ita kanta a da, ta iya aiki, kuma Lauya ta tsane ta.

Ta sami Farfesa a ofis yana goge tabarau. Shafin na nan a bango, cikin gilashi.

"Malam, sun ƙi."

"Wa ya riga mu?"

Ta nuna bangon. Ya daɗe yana kallo.

"Ai ni na tura ki taron," ya ce. "Ba a ɗaukaka ƙara?"

"Ana yi. Ba za mu ci ba. Har zafin da ake renon ƙwayar na rubuta."

Ya tashi da ƙyar, ya share ƙurar gilashin da hannun riga.

"Sau bakwai na mayar miki da shi, 'yata. Ko kuskure ɗaya ban bari ba."

"Na sani, Malam. Na duba."