Neman Ummu Khalil

Dokar gwaji ɗaya ce, kuma Sawsan ce ta koya wa 'yan ofishinsu ita: ka zaunar da mutum gaban na'ura, ka bar shi ya yi nemansa, ka kame bakinka. Ko daji ya nufa, kar ka ce uffan.

Wata shida ta yi tana tsara shafin intanet na neman kaburbura na wata maƙabarta a gefen Amman, kuma wallahi ya yi kyau. Fari fes, akwati ɗaya a tsakiya, a samansa an rubuta "Cikakken sunan mamaci". Sauran bayanan da ke tsohon kundin masu haƙa duk ta watsar, ita ba ta son tarkace. Mutum huɗu sun gwada da safe, kowa ya samu nasa tun shayinsa bai huce ba.

Na biyar Hajji Fayiz ne, tsohon direban babbar mota, ya ba saba'in baya. Ya gyara jan mayafin kansa, ya sa yatsa ɗaya, harafi bayan harafi, ya rubuta Ummu Khalil.

Babu sakamako.

Ya goge, ya sake rubutawa. Haka dai. Sai ya janye hannu ya ɗora a gwiwa.

"Yi haƙuri, 'yata, na ɓata miki aiki. Kan tsoho ne."

Abin da ke ƙona wa Sawsan rai a sana'ar nan ke nan. Shafi ya gaza, amma mutum ke ba da haƙuri! Ghassan, abokin aikinta mai rubuta abin da suka gani, ya raɗa mata, "To uwar doka, sai kallo ko?"

Ta harare shi. Sai dai tambaya na cin ta, har ta kasa daurewa.

"Hajji, wace ce ita?"

"Uwata ce ta nono. Da aka haife ni mahaifiyata ta kwanta ciwo, maƙwabciyarmu ta shayar da ni tare da ɗanta Khalil. Ina aiki a Libiya ta rasu. Kafin in dawo Khalil ma ya bi ta. Har yau ban san inda take kwance ba."

"To sunanta fa?"

Ya dube ta sororo. "Haba 'yata! Wa ke kiran babbar mace da sunanta? Ko mijinta Ummu Khalil yake cewa."

Ai Sawsan ta sani, a layinsu ma haka ake yi, da sunan babban ɗa ake kiran uwa. Ashe akwatin nata na masu takarda a hannu ne kawai, 'ya'ya da jikoki. Maƙwabci, ɗan nono, ƙawar da suka shekara arba'in suna naɗa shinkafa a ganyen inabi tare, duk ta rufe musu ƙofa. Kunya ta kama ta.

Ta buɗo hotunan tsohon kundin. Cikin abin da ta watsar akwai gurbi ɗaya da ta taɓa yi wa dariya: wanda ya kawo gawa.

"Khalil ɗan wa, Hajji?"

"Khalil Darwish Samara."

"Wace shekara ta rasu?"

"Shekarar da ƙanƙara ta rufe garin nan, haka aka rubuto min."

"Casa'in da biyu ke nan," in ji Ghassan. Tsokanar ta tafi, ya matso da kujerarsa.

Ta bi shafukan ɗaya bayan ɗaya, rubutun hannu ne mai wuyar karatu. A na goma sha ɗaya yatsanta ya tsaya. Ta juya masa na'urar.

Hajji Fayiz ya laluba aljihu ya sa tabarau. Ya ga sunan Khalil, ya bi layin zuwa farkonsa, leɓensa na motsi.

"Wasfiyya," ya ce. Ya sake faɗa a hankali. "Ashe Wasfiyya ce. Shekara biyu ina shan nononta."

Hawaye suka gangaro cikin gemunsa, bai share ba. Sawsan ta jawo takarda.

"Rubuta min layin da lambar kabarin da manyan haruffa, 'yata," in ji shi. "Sunan bar shi, na riƙe."