Ragon Iya da Maganin Tarina

Tarin ya fara mini ne bayan mun gama yankan gero. Na ɗauka mura ce, na yi ta shan citta da kanumfari. Da wandona ya fara zamewa daga ƙuguna, sai mahaifiyata, Iya, ta ce in hau mashin in tafi asibitinmu na Sandamu.

Can na samu Malama Adawiyya, nas ɗin da ke kula da masu tari. Aka gwada kakina, ta ce tarin fuka ne, amma ana warkewa. Ta ɗora ni a sikeli, ta ba ni ƙwayoyi, uku kullum da safe kafin in sa komai a cikina, wata shida cur.

"Kalilu, buɗe kunnenka," in ji ta. "Fitsarinka zai yi ja kamar manja, kar ka tsorata, ba jini ba ne. Zuciyarka ma tana iya tashi. Amma in idonka ya yi rawaya, ko ka fara gani dishi-dishi, ka zo da gudu. Kuma ko ka ji garau, kar ka rage ko ɗaya."

Na ce to. Fitsarin kuwa ya yi ja. Tafin ƙafata ya riƙa yi mini kamar ana tsira allura, Malama ta ƙara mini wata 'yar farar ƙwaya, abin ya lafa. Kafin sati bakwai ina cinye tuwo malmala biyu, tari ya yi sauƙi ƙwarai.

To, Iya tana da rago fari tas da take kiwo don layya. Tun rasuwar Baba ba ta samu yin layya ba, sai bana. Wata safiya na ji ragon nan yana tari, irin mai fitowa daga ƙirji. Na tsaya ina kallonsa, tausayi ya kama ni. Na ce a raina, ai tari tari ne, ni kuma na samu sauƙi. Sai na riƙa shan ɗaya, in daka biyu in zuba masa a dusa. Kwana tara ina haka, ban gaya wa kowa ba.

Ranar Alhamis sai ga Malama Adawiyya ta zo duba ni a gida, kamar yadda takan zaga majinyatanta. Ko ruwa ba ta gama sha ba Iya ta ja ta turke.

"'Yar nan, ke da kika san aikin asibiti, dubi ragona. Jini yake fitsara."

Gashin cikinsa duk ya rine, ƙasan turken ma haka. Malama ta duƙa ta duba, ta daɗe. Sannan ta ɗago ta dube ni.

"Sannu, likita. Yaushe ka yanka masa kati?"

Na sunkuyar da kai ina wasa da igiyar ragon.

"Guda nawa kake ba shi?"

"Biyu, Malama. Ai na ga ya fi ni jin jiki."

Iya ta riƙe haɓa. "Auta! Ni na ce maka rago na haifa?"

Malama ta yi dariya har da share ido, amma da ta zauna kan turmi sai fuskarta ta canza. Ta ce cutar tana nan a huhuna, kwanciya kawai ta yi. In ana ba ta magani rabi-rabi sai ta saba da shi, ranar da ta tashi waɗannan ƙwayoyin ba za su ƙara kashe ta ba. Daga nan sai babban asibiti, da magani mai wahala na watanni da yawa. Kuma Iya da muke kwana gida ɗaya ita zan fara shafa wa. Wannan ta ƙarshen ita ta fi taɓa ni.

Ta ce in kai kaki a sake gwadawa, mu ga ko na yi ɓarna. Ta karɓe maganin daga hannuna ta damƙa wa Iya. Ragon kuma ta ce a kai shi wajen likitan dabbobi a Daura, a gaya masa gaskiyar abin da ya sha. Can aka ba shi maganin tsutsa, aka ce a riƙa jiƙa masa dusa.

Iya ta ɓoye ƙwayoyin a cikin kwallarta. Kullum in na dawo daga masallacin asuba, tana zaune da moɗar ruwa. In haɗiye uku a gabanta, ta ce, "Buɗe bakin." In buɗe. "Ɗaga harshen." In ɗaga, ƙato da ni har da gemu.

Kwana shida ina jiran sakamako, ko tuwo ba ya mini daɗi. Ran na bakwai na je, Malama ta ɗora ni a sikeli tukuna, ta rubuta, tana ta jan lokaci. Sai da ta ga na fara zufa sannan ta ce:

"Allah ya rufa maka asiri, ba a ga komai ba. Amma saura wata huɗu, kuma kwana taran nan sai ka rama su."

"Zan rama, Malama."

"Na sani. Ba da kai na dogara ba, da Iya na dogara."

Na karɓi maganin wannan watan, na soke shi a aljihun ciki, na hau mashin a hankali. Ban tsaya ko'ina ba sai da na miƙa shi a hannun Iya.