Muryar Baldomero

Da alƙali ya ce shafin ba shi da laifi, Nélida Cárcamo ba ta san lokacin da ta rungume lauyarta ba, har ta kusa karya mata tabarau.

"Sake ni, baiwar Allah, kar ki kashe ni ban ci abincin rana ba!" in ji lauya Ximena tana dariya. "Doka za ki gode wa. Mai shafi ba ya ɗaukar laifin abin da wani ya ɗora, muddin ya cire da aka umarce shi. Ke kuwa kin cire. Wanda ya ɗora ɗin ma sun ce ba za su ɓata lokacin nemansa ba."

Nélida dai sai zuba godiya take, hawaye shaɓe-shaɓe. Shafin nata ba wani abin a zo a gani ba ne. Wuri ne a intanet inda mutanen tsibirin Chiloé ke ɗora waƙoƙin iyayensu, na masunta da na ranar gayya. Sai wani mai kiran kansa Tsuntsuwar Teku ya ɗora waƙa ɗaya tak, wani kamfanin faifai na babban birni Santiago ya maka Nélida a kotu, yana neman a rufe shafin, a biya shi diyyar da sai an sayar da gidansu. Abin takaicin, waƙar ta mahaifinta ce, marigayi Baldomero, wanda ya sayar musu da ita tun yana saurayi don ya gyara kwalekwalensa. Haka ta goge muryar ubanta daga shafin da hannunta.

*

Ta tarar da mahaifiyarta, Doña Eduvina, a bakin murhu tana suyar wainar dankali.

"Mama, mun yi nasara! Gida namu ne, shafi ma yana nan."

Tsohuwar ta yi alamar gicciye, ta ce Allah ya saka wa yarinyar nan mai tabarau, gobe a kai mata kifi mai kyau. Sannan ta juya waina, ba ta ɗago kai ba.

"Shi wanda ya ɗora fa? Za su kama shi?"

"Sun ƙyale shi. Amma in na gan shi, sai na ja masa kunne."

"To ga kunnen, zo ki ja."



"Haba Mama! Ke ce Tsuntsuwar Teku?"

"Haka ubanki ke kirana. Maƙwabciya ce ta nuna mini yadda ake yi a waya. Ni ya yi wa waƙar nan, 'yata, sunana ne a ciki. Ina na san muryar mijina ba tawa ba ce?"

Sai a lokacin Nélida ta gane haɗarin. Dokar da ta rufa mata asiri ba ta rufa wa mai ɗorawa ba. Da kamfanin ya nace, da wannan tsohuwar ce a gaban alƙali. Ta zauna a kan benci, ta sake yi wa Allah godiya, wannan karon har cikin ƙashinta.

"Saka mana kaset ɗin waƙar Baba, Mama. Nan gidanki ne."

Doña Eduvina ta goge hannu, ta sauko da tsohuwar rediyon daga kan kanta. Har ta kai yatsa kan maɓalli, sai ta tsaya, ta leƙa titi, ta ja taga ta rufe, sannan ta kunna ƙasa-ƙasa.