Ƙafata Ba Ta Taɓa Ƙasar Kamfani Ba

Daren jiya wani mafarki na yi, kuma kafin ku ce tuwo ne ya yi min yawa, ku tsaya ku ji. Ni ne Sadisu, sakataren ƙungiyar masu kishin manhaja mai 'yanci, wato wadda kowa zai iya buɗe cikinta ya ga abin da take ƙullawa. Wata uku ke nan da na goge manhajar hira ta kamfani daga wayata, a gaban jama'a, har da tafi. Sai dai Innata da ke Gumel ba ta san wata hanyar aiko da saƙon murya ba sai ta wannan manhajar.

To, sai ga ni a wani gari inda ruwa ke tsatsowa daga ƙasa yana zuba sama. Ƙasar garin kaf ta Kamfani ce. Duk inda mutum ya taka, akuya za ta zo ta naɗe sawun kamar tabarma ta kai ofis. Ni kuwa ina ta tafiya ban bar sawu ko ɗaya ba. Kai, na ji kaina ya kumbura!

A ofishin, wani bunsuru mai tabarau ya ɗora tulu a kan tebur.

"Muryar Innarka ce," in ji shi. "Kwana tara tana ciki."

"Ba ni."

"Taka nan tukuna." Ya shimfiɗa takardar sharuɗɗa, tsawonta ya kai Haɗeja. Yana cin bakinta, wani yana tsirowa.

"Me aka rubuta a ciki?"

"Oho. Ni ci nake yi. Kuma kyauta ne, sawunka kawai muke so, da na duk wanda ka taɓa gaisawa da shi."

Na ce Allah ya kiyaye, na fita. Tulun na ta kiran sunana a baya, amma ban waiwaya ba.

Sai ga ni a taron ƙungiyarmu. Sanarwar taron ma a jikin awakin Kamfani aka manna ta, don allonmu babu mai karantawa sai mu. Shugabanmu Malam Habibu yana jawabi: "Shekara bakwai ƙafata ba ta taɓa ƙasar nan ba!" Gaskiya ya faɗa, don ƙaninsa ne ke goye da shi, yana nishi. Ma'aji na bisa wuyan surukinsa. Na tuntsire da dariya, na ce ji munafukai.

"Maigida, gyara zama, kana danne min wuya."

Na duba ƙasa. Saudatu ce, matata, ta ɗaure ni da zani tamau. Ƙafafunta sun kumbura, sawunta ya nutse da nauyin mutum biyu, awaki na rububin naɗewa.

"Tun yaushe?" na tambaya.

"Tun ranar tafi. Katin biki ni, ta'aziyya ni, saƙon malamin yara ni." Ta ɗago tulun nan, ashe ita ta taka takardar ta karɓo. "Inna ta ce in ba za ka sauko ba, ka gaya mata laifin da ta yi maka."

Wallahi kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa kaina. Na zuro ƙafa ɗaya. Malam Habibu ya daka min tsawa: "Maci amana!" Ƙaninsa ya ce a hankali, "Sauka, ɗan'uwa, ko ni ma na samu hujjar sauke nawa." Bunsuru ya matso yana lasar baki. Saura ƙiris babban yatsana ya taɓa ƙasa.

Kwaram! Murfin tukunya ya faɗi a tsakar gida. Na buɗe ido, gari ya waye, Saudatu na tsaye a kaina da wayarta.

"Inna ce ta sake turo maka, minti shida," ta ce. "In riƙe maka kamar kullum, ko yau za ka karɓa da hannunka?"