Bishiyar da Ba Ta da Suna

Vernice ta kwashe komai na cikin firji ta jere a kan tebur: madara, ƙwai, ragowar kazar shekaranjiya, har da kwalbar yajin da babu wanda ya tuna ranar da aka saye ta. Ta jawo akwatin ƙasa inda take ajiye ganye, ta kife shi ta girgiza. Wayam. Ƙunshin ledar da ta ajiye da hannunta tun watan Fabrairu ya yi ɓatan dabo.

Wani zai ce mene ne abin tashin hankali a kan 'yan itatuwa masu kaurin fensir. To, waɗannan 'yan rassan su ne kaɗai abin da ya rage na bishiyar pikan ɗin gidan mahaifiyarta, mai 'ya'ya masu kwasfa da ake ɓarewa a ci ƙwayar kamar gyaɗa. Mama Ardella ta rasu da kaka, yayyen Vernice da ke Detroit suka matsa a sayar da gidan, wani Mista Pruitt ya saya don ya buɗe shagon taya. Kafin masu zarto su iso, Vernice da shekarunta hamsin da ɗoriya da ciwon gwiwarta ta hau tsani cikin sanyi ta yanko rassan, ta dangwala bakinsu a kakin kyandir, ta naɗe su a jiƙaƙƙiyar jarida. Jira take ƙarshen Afrilu, lokacin da ɓawon itace ke saɓulewa cikin sauƙi, a yi musu aure da ƙananan dashen da ke bayan gidanta, wato a ɗaura su a jikinsu su haɗe. Yau Asabar ce ranar da ta tsayar.

Mijinta Cleon ya shigo daga tsakar gida yana goge hannu a wando. Ƙaton mutum ne mai sanyin hali, wanda tun da ya bar aiki a kamfanin gyaɗa ya zama ba shi da sana'a sai gyara abin da bai lalace ba. Ya ga tebur, ya ga fuskarta, ya tambayi abin da ake nema. Da ta faɗa masa sai ya washe baki.

"Au, wannan? Ai tuni na gyara miki, Vee. Na ga kin sa kayan pikan a firji, na ce baiwar Allah ta sha'afa. Yana cikin firiza, kusa da ledar Mama ta ƙarshe."

Kuma fa a gaskiya, duk kudancin jihar Jojiya ta Amurka babu yaron da bai san pikan a firiza ake ajiye shi ba, in ba haka ba mansa ya yi gafi kafin bazara. Abin da Cleon ya sani ke nan tun yana rarrafe. Ƙwaya da reshe duk a wurinsa pikan ne.

Vernice ta je gareji ta ɗaga murfin firizar. Ga ledar ƙwayar nan da Mama ta ɓare da hannunta a lokacin kaka na ƙarshe na rayuwarta, wadda Vernice ta rantse ba za a buɗe ba. Ga kuma ƙunshinta a gefe, jaridar ta daskare ta yi tauri kamar katako. Ta tambaye shi tun yaushe. Ya ce tun wajen farkon Maris, murya tana raguwa, don ya fara gane cewa ya yi aika-aika. Da ta yi masa faɗa da ya fi masa sauƙi. Sai kawai ta ɗauki makullin mota ta fice, ta bar masa madara da ƙwai a kan tebur.

Shagon Goggo Ozella yana bakin babban titi, kusa da gidan mai. A nan ake fasa wa mutane pikan da inji lokacin kaka, sauran shekara kuma a sayar wa matafiya. Buhuna a jere, kowanne da sunan irinsa a kwali: Stuart manya masu kaurin kwasfa, Desirable da ake jerawa a saman kek don kyan gani, Elliot ƙanana masu zaƙi da ake soyawa da gishiri a ci ana kallon wasa. Goggo Ozella ta haura tamanin, ƙawar Mama ce tun suna 'yan mata a ƙungiyar mawaƙan coci, kuma ba su taɓa rabuwa ba tare da sun yi musu ba.

Ta karɓi reshe ɗaya, ta ɗumama shi a tafin hannu, ta kankare ɓawon da farcen babban yatsa. Inda ya kamata a ga kore sharr, baƙi-baƙi aka gani. Ta gwada na biyu, ta gwada na uku, sannan ta tura ƙunshin gefe.

"Wane gwanin ne ya yi wannan?"

"Cleon."

"Allah sarki Cleon. Shi ne fa ya wanke wa uwarki tukunyar ƙarfenta da sabulu, ya kankare man da ya kama ta shekara da shekaru, ta yi wata ba ta gaishe shi ba."

Vernice ta so yin dariya, sai kuka ya riga. Ta zauna a kan buhun Stuart ta yi mai isarta. Ba ta yi irin wannan kukan ba ko ranar jana'iza, don a lokacin tana ganin akwai sauran abin da ta riƙe. Da ta natsu ta ce to za ta nemi ƙwayar bishiyar mai kwasfa wajen maƙwabta ta shuka. Goggo Ozella ta girgiza kai ta ce ta shuka ɗari in tana so, za ta sami bishiya ɗari, kowace da halinta, amma babu wadda za ta zama ta Ardella. Shi ya sa tun farko ake yin auren.

Tsohuwar ta shiga mita, wai da ma ita ba ta ga abin so a bishiyar nan ba. 'Ya'ya ƙanana, kwasfa kamar dutse, sau biyu suna karya mata haƙorin inji. Dillalai ba sa saye da daraja tunda ba ta da suna. Shekara da shekaru tana ce wa Ardella ta bari a sare kan bishiyar a ɗaura mata iri na kirki, ita kuwa ta kafe.

"Amma alewar da Mama ke yi da ƙwayarta fa, Goggo?"

Goggo Ozella ta kau da kai tana gyara kwalin da ba ya bukatar gyara. Ta ce alewar kam babu ƙarya. Man da ke cikin ƙwayar nan ba ta taɓa ganin irinsa ba, kuma in Vernice ta faɗa wa wani ta ce haka, za ta musanta. Ta ce su waɗannan masu sunan ma ai duk haka suka fara, bishiya guda a bayan gidan wani, mai ita ya laƙaba mata suna. Sai ta tsaya cak, hannunta a kan kwalin.

"Tsaya. Wa ya taɓa yi wa bishiyar nan aure?"

Vernice ta ce babu kowa. Kurege ne ya binne ƙwayar a jikin shinge lokacin da Mama take amarya, ta tsiro, Mama ta hana a cire.

"To ai daga saiwa har ƙoli ita ce ita, yarinya. Su Stuart ɗin nan in ka sare su, abin da zai toho daga ƙasa wani iri ne daban, don kansu aro ne. Ita ba ta ari kan kowa ba. An tone kututturen?"

Vernice ba ta sani ba. Tun ranar da aka kayar da bishiyar ba ta sake bin layin ba, ta gwammace ta zagaya ta bayan makaranta ko da za ta makara.

Yau kam ta bi. Gidan babu shi, sai fili da jar ƙasa da tarin bulo, da wata rumfar kwano da aka cika da tayoyi. A can kusurwa, jikin tsohon shingen, ta hango motar Cleon. Sai ta ga zarton inji a ƙasa kusa da shi. Ta fito ko ƙofa ba ta rufe ba.

Yana zaune a bayan motar, ya cusa hannayensa biyu a hammata kamar mai jin sanyi. Ya ce ya zo ne ya yanko mata faifan katako daga kututturen, ya goge shi ya zama abin shanya alewa, ko ta sami abin tunawa. Har ya ɗora hannu a kan igiyar injin, sai ya ga wasu 'yan ganye sun fito a gindin, ya yi niyyar tuge su don su ba shi wuri.

"Sai na ce, Cleon, gyaran da ka yi ya isa haka. Na zauna ina jira. Na san dai ƙarshenta nan za ki zo."

Ta durƙusa, gwiwar ta yi ƙara ba ta ji ba. Kututturen ya kai faɗin teburin cin abincinsu, ya fara yin toka-toka. Amma a gefen da ke kallon rana, daga cikin tsagar ɓawon, toho ya fito a cunkushe, ja-ja a ƙasa, kore a sama, mafi tsawonsu bai wuce yatsa ba. Ta murza ganye ɗaya kaɗan ta shinshina. Ƙamshin nan ne mai ɗan ɗaci da yake manne wa hannun Mama duk bazara. Ta miƙa hannu baya ba tare da ta waiwaya ba, Cleon ya sauko ya riƙe.

Suna nan Mista Pruitt ya fito daga rumfar, gajeren mutum mai jar fuska da hular kamfanin taya. Baƙo ne a garin, daga Ohio ya zo. Ya saurare ta da ladabi har ta gama, ya ce ya tausaya, amma ranar Litinin injin niƙe kututture zai zo, don a nan manyan motoci za su riƙa juyawa. Vernice ta ce ba har abada take roƙo ba. Tohon ya yi damina ɗaya ya yi ƙwari, sanyi na shigowa ta yanki rassanta, daga nan ya yi yadda ya so. Mutumin ya sosa ƙeya ya ce, da girmamawa, ai pikan pikan ne. In ta yarda shi da kansa zai saya mata dashe mai suna daga gandu, wanda ya fi wannan.

Cleon ya buɗe baki, ta matse masa hannu. Ta tambayi Mista Pruitt ƙarfe nawa yake tashi. Ya ce sai yamma.

A gida ta wuce gareji kai tsaye ta ɗauko ledar Mama. Ta daɗe tsaye da ita a ƙirji, sanyin yana ratsa rigarta. Cleon ya ce ko ya je wurin Goggo Ozella ya sayo Elliot, ai ɗan Ohio ba zai bambance ba. Ta ce shi ya sa ma dole a ba shi na gaskiya, ta tsinke bakin ledar.

Ta ɗora tukunyar ƙarfen Mama, wadda ta tsira daga sabulun Cleon. Jan sukari da fari, madara, man shanu, ɗan gishiri. Ta gasa ƙwayar sama-sama har ɗakin girkin ya cika da ƙamshin da ya sa Cleon ya fita ya tsaya a baranda, wai hayaƙi ne ya shigar masa ido. Ta ɗiga ruwan sukarin a kofin ruwan sanyi, ya dunƙule a yatsanta da laushi, ta sauke. Da za ta zuba ƙwayar, Cleon ya leƙo ya ce ta rage ko tafi ɗaya mana. Ta duba ledar, ta juye duka. Mama ba ta taɓa yin alewar rowa ba.

Ta ba shi cokalin katako ya buga, tunda ƙarfi dai yana da shi, tana tsaye a kansa har sheƙin ya dushe. Sannan ta riƙa ɗiba tana ɗigawa a kan takarda da sauri kafin ta daskare. Ƙanzon tukunyar suka kankare su biyu a tsaye, da cokali ɗaya.

Rana ta yi sanyi lokacin da suka koma da kwanon alewar. Mista Pruitt yana ja wa rumfarsa ƙofa. Vernice ta miƙa masa kwanon, ya goge hannu ya ɗauki guda don kada a ce ya ƙi, ya gutsura yana shirin yin godiya ya sallame su. Godiyar ba ta fito ba. Ya tauna a hankali, ya duba abin da ya rage a hannunsa, ya cinye, ya ɗauki ta biyu.

Ya ajiye kwanon a kan motarsa, ya koma cikin rumfar. Can sai ga shi yana gangaro da wata tsohuwar tayar tarakta da ta kusa kai shi tsawo. Cleon ya ruga ya kama masa, suka kai ta kusurwa suka kwantar da ita a hankali, kututturen da tohonsa suka zauna a tsakiya. Mista Pruitt ya ce direbobin nan ba su da ido, amma taya kam suna gani. Zuwa Fabrairu, ya ce, ba ƙari.

Ya karkaɗe hannu, ya koma ga kwanon, ya ɗaga wata alewar yana duba ƙananan ƙwayoyin da ke cikinta.

"Matata za ta tambaye ni. Wane iri ne wannan? Yaya sunansa?"

Amsar da Vernice ta saba bayarwa tun tana yarinya ta zo mata har bakin leɓe, cewa ba ta da suna, kurege ne ya shuka. Ta kalli tohon da ke leƙowa daga cikin tayar.

"Ardella," ta ce.

Mista Pruitt ya maimaita don kada ya manta, ya ce bai taɓa jin wannan irin ba. Cleon ya ce ai ba a samun sa ko'ina.