Hanjin Aro

Daren jiya wani mafarki ya ɗauke ni, kuma da ciniki ya fara, kamar kowane al'amari nawa. Ni da Jatau mahauci ne a gindin wata tsamiya, hannuwanmu a haɗe cikin hannun rigata, yadda muke yi a kara, kasuwar shanu, in ba ma so na gefe ya san farashi. Jatau ya rasu shekara huɗu ke nan. Na san da haka a mafarkin, bai kuwa dame ni ba, illa dai yatsunsa da sanyi kamar gindin randa.

Bari in faɗi abin da na kwanta da shi a rai. Shekara arba'in ina dillancin shanu, ban taɓa kwana asibiti ba. To, wata bakwai ke nan cikina ya juya mini baya: murɗa, zawo, har da jini. Likita ya ce yana zaton kumburin hanji ne, irin mai lafawa ya dawo, amma ba zai ba da magani da ka ba, sai ya gani da idonsa. Wai za a zura wata siririyar tiyo mai fitila da kyamara a bakinta. Ta ƙasa. Ni, mai jikoki tara. Aka ba ni garin wankin ciki in jiƙa in sha kafin ranar, na karɓa na yi godiya, na cusa ƙarƙashin katifa. Matata Kuluwa kuwa na ce mata basir ne.

Jatau ya matsa mini yatsa. "Tanko, na ji za a leƙa ka."

"Haka suka ce."

"Ina da hanjin rago, sabo, ko ɗigo babu. Kai musu shi su leƙa. Ka bar mini naka. In kasuwa ta tashi kuma ka zo ka taya ni zama, wurinmu ba abokin hira."

Na ga da arha.

Ya ce, "Naka dai lafiya yake ko?"

Bakin dillali ya riga hankalinsa. Na ce, "Garau. Ɗan basir ne."

"To, na saya."

"Na sallama."

Ya kama wani abu a wuyan hannuna ya yi ta ja, kamar mai zare mazagin wando, har ya tara ya rataye a reshe. Ya miƙo mini na ragon a ƙwarya, an rufe da faifai.

Sai ga ni a asibiti. Wata akuya ce a ofishin kati, ta ɗora ƙafa ɗaya kan tebur. Na miƙa katina, ta tauna ta haɗiye.

"Yanzu ka shiga rajista, Baba. Bi layi."

Layin duk dattawa ne, kowa riƙe da ƙwarya a rufe, ba mai kallon wani. Na gane fuska biyar ko shida. Duk na je jana'izarsu.

Likitan bunsuru ne, da farar riga da tabarau. Ya buɗe ƙwaryata ya ce, "Tuɓe takalmi, ciki za mu shiga." Muka shiga da ƙafa. Wani dogon lungu ne mai laima, ja-ja, da bakunan gini a jere kamar na soron gidan mai hali. Fitila na gabanmu tana tafiya ita kaɗai.

Ruwan sama ya fara tasowa daga ƙasa, shuɗi kamar na marina, yana hawa bango.

Bunsurun ya ce, "Shuni ne. In akwai tsaga ko miki, can zai kwanta ya tona asiri."

Shunin ya haye ya wuce bai tsaya ko'ina ba. Likitan ya murɗa wani abu, fitilar ta koma koriya, jijiyoyin bango suka fito ɓaro-ɓaro kamar burtalai. Ya ɗora mini tabaransa, na ga ƙananan ramuka a jere tsaf kamar saƙar zuma. Ya shinshina bango.

"Dusa da harawa. Alhaji, kiwo kake fita?"

"Jefi-jefi."

Ya buga hatimi a goshina. "Rago lafiya lau. Na gaba!"

A nan cikina ya murɗa, irin murɗar da na sani, alhali ba komai a cikinsa. Na ce, "Likita, ciwon fa?"

"Wanne? Mu abin da aka kawo mana muke dubawa."

Sai ga ni a kara, rana na faɗuwa ta gabas. Mutane suna naɗe igiyoyi. Jatau ya shimfiɗa tabarma kusa da tasa, 'yar siririya, daidai tsawona, da farin ƙyalle a ninke a kai. Hanjina na rataye a tsamiyar, shunin nan ya same shi. Ranar na fara ganinsa. Ja ne jawur tun daga ƙarshensa zuwa sama, ba inda ya tsallake, ga miki nan birjik shuni ya kwanta a ciki. Ko makaho ya ga abin da ke damunsa. Ya ba ni tausayi kamar saniyar da aka bari ba ruwa.

Jatau ya ce, "Ni ma cinikin da na yi ke nan. Ga nawa can a reshen sama." Na ɗaga kai. Tsamiyar ba 'ya'ya take da su ba, hanjin mutane ne ke reto a kowane reshe.

Na ce, "Jatau, na fasa."

"Haba Tanko. Kai ne fa dillali. Bayan sallama akwai komawa?"

Babu. Na lura har yanzu hannuna na cikin nasa, sanyin ya kai mini gwiwar hannu. Amma wanda ya tsufa a kara ya san ƙofa ɗaya da ta rage: dabbar da aka ɓoye aibinta, ana mayar wa mai ita. Sau nawa na shafa wa gyambo toka da man shanu don kada a bi ta wannan ƙofa?

Na ce, "Kayana da aibi."

"Ban ji ba. Aibi a gaban shaidu ake faɗa."

Kasuwar duka ta juyo. Ga limaminmu, ga surukaina, ga matan da ke sayar da fura, har da shanu. Na buɗe baki na ce, "Ba basir ba ne. Sau goma nake zagawa a yini. Jini nake yi. Ran Juma'ar can ban kai bayan gida ba, a wando na yi."

Ba wanda ya yi dariya. Jatau ya sake ni yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ya naɗe tabarmar ya jingine a gindin bishiya, bai kai ta nesa ba. Ya ɗauki wuƙarsa yana buga wa tsamiyar, ƙwal, ƙwal, ƙwal.

Na buɗe ido. Cokali ne a kofin silba. Kuluwa ce zaune a bakin gado tana dama garin nan da na ɓoye.

Na ce, "Ke, wa ya ce ki taɓa mini katifa?"

"Alhaji, wa kake tsammani yake cika maka buta wata bakwai? Karɓi. Na tambayi malamar asibiti, ta ce har sai abin ya fito fari kamar ruwa."

Na karɓa na shanye, ba daɗi. Gobe da hantsi za a leƙa ni, ta inda suka ce.

A wannan ciniki Jatau ya yi asarar abokin hira, ni na yi asarar girman da na yi wata bakwai ina kiwo. Kuluwa ce ta ci riba, ita da ba ta taɓa taka kara ba.