Zobe a Ƙafar Kanari

A gandun dajin da take aiki kowa Mai-zobe yake ce mata, don aikinta saka wa ƙananan tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa, ta sake su, ta jira ta ga waɗanda za su dawo. Sauran ma'aikatan damisa suke bi. Damisar ita kaɗai ta rage a dajin, amma tana da motoci biyu da kyamarori da likitanta. Kanari kuwa sai Mai-zobe da ragarta. Bana, cikin sittin da ta yi wa zobe, tara suka dawo.

Ranar hutu ta je gaida kawunta, mai gyaran agogo da ke kiwon tsuntsaye a baranda. Suna cikin gaisawa wani kanari ya kece da waƙa daga kejin ƙarshe. Ta matsa ta duba. Ga zobe a ƙafarsa ta hagu, lamba talatin da huɗu, wanda ta matse da hannunta.

"Kawu, wannan fa daga ina?"

"Shi ya kawo kansa," in ji shi, bai ko ɗago ba. "Gilashin taga ya buga, na tsince shi."

"Daga daji har nan? Awa biyu ce fa a mota."

"To, ba fiffike gare shi ba?"

Ta sake duba zoben. Damisa ce ke cin doguwar tafiya, don daji guda take buƙata ita kaɗai, ga shi sai ta shekara biyu kafin ta sake haihuwa. Kanari 'yar sarƙaƙiya ta ishe shi. Nan zai yi sheƙa, macen ta zuba ƙwai uku ko huɗu, kuma ba ya nisa haka sai in ɗauko shi aka yi.

"Tuhumata kike yi ke nan?" Kawu ya ajiye tabarau. "Ku da kuka sare ƙayoyin bakin rafi don masu kallon damisa su sami hanya, ina kike so su zauna?"

Gaskiya ya faɗa, ita ma ta yi faɗa a kan batun hanyar. Sai dai ba ta taɓa ba shi labarin ba. Idonta ya sauka kan teburinsa. Cikin agogunan da ke jiran gyara akwai wani mai jan maɗauri, irin na direban gandun sak.

Ta ce za ta tafi da tsuntsun. Kawu ya miƙo kejin ba gardama, abin da ya ƙara damunta.

Washegari a wurin aiki ta tambayi direban ƙarfe nawa. Ya kalli hannunsa, ba agogo, ya zaro waya yana 'yar dariya. Ba ta da hujjar kai ƙara, don haka ba ta ce da kowa komai ba. Ta saki kanarin a wata sarƙaƙiya can gaba da rafi, ta mayar da ragarta wurin. Daga ranar nan, da ƙafa take zuwa wurin ragar, ba ta ƙara shiga motarsa ba.